Bakin Mai Kulob da Aljihun Abokan Cinikinsa: Abin da Rikicin Donald Sterling Ya Tona

Ran Lahadi, 27 ga Afrilun 2014, 'yan wasan ƙwallon kwando na kulob ɗin Los Angeles Clippers suka fito fili a birnin Oakland domin karawa da Golden State Warriors. Kafin a soma wasa sai suka taru a tsakiyar fili, kowa ya tuɓe rigarsa ta sama mai ɗauke da sunan kulob ya yar, aka bar su tsibi guda. Jajayen rigunan da suka rage a jikinsu kuwa a baibai suka sa su don kada tambarin ya fito. Babu wanda ya ce uffan. Da baƙaƙen safa suka buga wasan, aka doke su 118 da 97, amma a ranar ba sakamakon wasa ne ya dami kowa ba. Ma'aikata ne ke faɗa wa duniya cewa suna jin kunyar sunan mutumin da ke biyan su albashi.

Kwana biyu kafin nan kafar labaran nishaɗi ta TMZ ta saki wata naɗaɗɗiyar murya. Donald Sterling ne, attajirin da ya mallaki Clippers tun 1981, yana yi wa wata budurwa da ke tare da shi faɗa saboda ta sa hotonta da Magic Johnson a Instagram. Ya ce yana damunsa ƙwarai yadda take tallata wa duniya cewa tana hulɗa da baƙar fata, kuma kada ta riƙa kawo su kallon wasanninsa. Ita kanta matar tana da jinin baƙar fata. Magic Johnson kuwa, a birnin Los Angeles, ba ƙaramin mutum ba ne: tsohon ɗan wasa ne da ya ciyo wa kulob ɗin Los Angeles Lakers kofi biyar, kuma yana cikin manyan 'yan kasuwar garin.

Wannan shi ne abin da ya fi yawo a kafafen labarai. Ni dai wata gaɓa ce daban ta fi tsaya mini a rai, wadda ta fito a dogon faifan da kafar Deadspin ta wallafa daga baya. Matar ta tuna masa cewa ai kulob ɗinsa cike yake da baƙar fata. Sai ya amsa cewa shi ne ke ɗauke da su, shi ke ba su abinci da tufafi da motoci da gidaje. Ya kuma tambaya: wa ke yin wasan, ni ko su? Duk wanda ya san tarihin gonakin auduga na kudancin Amurka ya san wannan harshe, domin da shi ubangida ke magana a kan bayinsa. Mutum ya yi gumi, ya karya gwiwa, ya cika maka zauren kallo da jama'a, ka biya shi haƙƙinsa, sannan ka kira abin ciyarwa. A lokacin kusan uku cikin kowane 'yan wasa huɗu na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, baƙar fata ne, amma cikin kulob talatin, baƙar fata ɗaya tak ke riƙe da mafi rinjayen hannun jari, wato Michael Jordan a Charlotte. Shi ya sa maganar ta sauka a kan tsohon miki.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Shugaba Barack Obama yana ziyara a Malesiya aka tambaye shi, ya ce idan jahili yana son tallata jahilcinsa, ba sai ka yi komai ba, ka bar shi ya yi ta magana. Zuwa Litinin kamfanonin da ke zuba kuɗin talla a kulob ɗin sun fara ja da baya: CarMax da Virgin America suka yanke hulɗa, State Farm da Kia da Red Bull da wasu suka dakatar. Abin da ya fi wannan girma a bayan fage yake faruwa. Chris Paul, tauraron Clippers, shi ne kuma shugaban ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan NBA a lokacin. Ƙungiyar ta ɗauko Kevin Johnson, tsohon ɗan wasa kuma magajin garin Sacramento a lokacin, ya yi magana da yawunta, aka isar wa hukumar gasar cewa in hukuncin bai yi tsauri ba, 'yan wasa a shirye suke su ƙaurace wa wasannin daren Talata. Ana tsakiyar zagayen fitar da gwani ne, lokacin da gidajen talabijin suka fi samun masu kallo.

Ran Talata, 29 ga wata, Adam Silver ya tsaya gaban 'yan jarida a New York. Wata uku bai cika ba da gadon kujerar kwamishinan NBA daga hannun David Stern. Ya ce Sterling ya amsa cewa muryarsa ce. Ya haramta masa shiga duk wata harkar gasar har ƙarshen rayuwarsa: ba kallon wasa, ba zuwa atisaye, ba taka ofishin kulob, ba sa baki a sayen ɗan wasa ko sayar da shi. Ya ci shi tarar dala miliyan 2.5, iyakar abin da dokar gasar ta yarda a lokacin. Sannan ya ce zai nemi sauran masu kulob su tilasta masa sayarwa. Aka buga wasa a daren.

To a nan ne ake yawan ruɗewa. Ta yaya ake hukunta mutum kan maganar da ya yi a ɗakinsa, a ƙasar da ke alfahari da 'yancin faɗin albarkacin baki? Amsar ita ce gyaran farko na kundin tsarin mulkin Amurka gwamnati ya ɗaure wa hannu. Ya hana hukuma ta kama ka ko ta ci ka tara saboda ra'ayinka, kuma lallai babu ɗan sandan da ya je gidan Sterling. NBA kuwa ba gwamnati ba ce. Haɗakar 'yan kasuwa talatin ce, kowa da kulob ɗinsa, amma kasuwarsu ɗaya, don babu kulob ɗin da zai iya buga wasa shi kaɗai. Kuɗin talabijin na ƙasa a tukunya ɗaya ake zubawa a raba. Duk wanda ya sayi kulob sai ya sa hannu a kan kundin dokokin haɗakar, wanda ya ba kwamishina ikon dakatarwa da tara a kan halin da ke cutar da gasar, ya kuma ba masu kulob ikon raba ɗayansu da kulob ɗinsa in kashi uku cikin huɗu suka amince. Kamar ƙungiyar 'yan kasuwa ce da ta ce wa ɗaya daga cikinta: rumfarka taka ce, amma warin da ke fitowa daga cikinta yana korar mana masu saye.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata a riƙe da kyau. Kwamishina ma'aikacin masu kulob ne. Su suka ɗauke shi, su ke biyansa, su ke iya sallamarsa. Idan zai hukunta ɗan wasa, hukunta na ƙasa da shi yake yi. Idan zai hukunta mai kulob, ɗaya daga cikin iyayen gidansa talatin zai taɓa, kuma ba zai iya ba sai sauran ashirin da tara sun ɗaure masa gindi. Su kuma kowannensu ya san abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Mark Cuban, mai Dallas Mavericks a lokacin, ya fito fili tun kafin a yanke hukunci ya ce kalaman abin ƙyama ne, amma raba mutum da dukiyarsa saboda abin da ya faɗa a cikin gidansa hanya ce mai santsi. Daga baya ya goyi bayan Silver, amma tsoron da ya bayyana na kowa ne a cikinsu. Wane attajiri ne bai taɓa faɗin abin da ba ya so a naɗa ba?

Ba na ɗaukar wannan hujja da wasa. Mu da muka tashi a kan cewa bin diddigin asirin mutum haramun ne, ba ma jin daɗin a naɗi hirar mutum da wadda yake tare da ita a watsa wa duniya. Dokar jihar Kalifoniya ma ta hana naɗar hirar sirri sai da yardar duk masu hirar. Kareem Abdul-Jabbar, Musulmi kuma ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan da aka taɓa yi, ya rubuta a mujallar Time cewa ya kamata mutane su fusata da wariyar Sterling, su kuma fusata da yadda aka naɗi muryar aka sake ta. Na yarda da shi. Amma magana zarar bunu ce. Da ta fita, ba yadda za a ce wa Chris Paul ko kocinsu Doc Rivers su mayar da kunnuwansu kamar ba su ji ba, su ci gaba da zuba gumi don aljihun wanda ba ya son ganin irinsu a kujerun kallo. Laifin wanda ya tona asiri daban, haƙƙin wanda aka wulaƙanta daban. Hukuncin haramcin daidai ne.

Ƙuri'ar da ake ta jira kuwa ba a taɓa kaɗa ta ba. An sa ranar 3 ga Yuni don zama, amma kafin ranar, matar Sterling, Shelly, ta riga ta gama ciniki. Kulob ɗin yana ƙarƙashin wata amanar iyali ce da su biyun ke riƙe da ita, kuma takardar amanar ta ce in likitoci biyu suka tabbatar ɗayansu ba ya iya tafiyar da al'amuransa, ɗayan zai ci gaba shi kaɗai. Likitoci biyu suka duba Sterling, mai shekara tamanin, suka ce ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. A ƙarshen Mayu Shelly ta amince ta sayar wa Steve Ballmer, tsohon shugaban Microsoft, a kan dala biliyan 2. Sterling ya ƙi yarda, maganar ta je kotu, alƙali ya ba matar gaskiya a ƙarshen Yuli, aka kammala ciniki ran 12 ga Agusta. Ƙarar da ya shigar yana neman diyyar dala biliyan ɗaya daga NBA ita ma an kore ta a 2016. Wato masu kulob sun samu abin da suke so ba tare da ko ɗayansu ya ɗaga hannu an rubuta sunansa ba, kuma ba tare da an kafa misalin da wata rana zai juyo kansu ba.

Yanzu a duba lissafi. Sterling ya sayi Clippers a 1981, lokacin tana San Diego, a kan kusan dala miliyan 12.5. An sayar da ita ninki 160 na wannan kuɗi. A farkon 2014 mujallar Forbes ta ƙiyasta darajar kulob ɗin a kan miliyan 575, kuma a watan Afrilun shekarar aka sayar da Milwaukee Bucks a kan miliyan 550. Tarar da aka ci shi kashi ɗaya ce cikin ɗari takwas na kuɗin cinikin. Sauran masu kulob ma faɗuwa ta zo musu daidai da zama, don farashin da Ballmer ya biya ya ɗaga darajar kulob ɗin kowa, sannan a watan Oktoba gasar ta sa hannu a yarjejeniyar talabijin ta dala biliyan 24 na shekara tara. Da an yi ƙauracewar nan ta daren Talata, da wani labarin ake yi a teburin wannan ciniki.

Ba zan ce bai yi asarar komai ba. Attajiri irin wannan ba don riba kaɗai yake riƙe kulob ba. Kujerar gefen fili, kyamara na haska shi, manyan gari na zuwa gaishe shi, wannan ita ce sarautarsa, kuma an tuɓe masa rawanin a bainar jama'a. Da ya je CNN neman afuwa a hirarsa da Anderson Cooper, sai ya ƙara dagula lamarin da sukar Magic Johnson kan ƙwayar cutar HIV da Johnson ke ɗauke da ita, ya rufe wa kansa sauran ƙofar da ta rage. Ya yi asarar suna. Amma mu kira abu da sunansa: wannan ritayar dole ce da jaka cike.

Inda lamarin ya fi yi mini ciwo shi ne abin da ya gabaci 2014. Ba ƙwallo ce ta yi wa Sterling arziki ba, gidajen haya ne, dubban ɗakuna a yankin Los Angeles. A 2003 wata cibiyar kare haƙƙin masu neman muhalli tare da wasu 'yan haya suka kai shi ƙara kan cewa yana takura wa baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka don su bar gidajensa. Aka sasanta a 2005 a asirce, amma kuɗin lauyoyin masu ƙara kaɗai da aka ɗora masa ya kusa dala miliyan 5. A 2006 ma'aikatar shari'a ta Amurka da kanta ta maka shi a kotu kan zargin ƙin ba baƙar fata haya a Beverly Hills, da fifita 'yan Koriya a kan kowa a unguwar Koreatown, da gudun masu 'ya'ya. A Nuwamban 2009 ya yarda ya biya dala miliyan 2.725, kuɗi mafi yawa da ma'aikatar ta taɓa karɓa a irin wannan shari'a ta gidajen haya zuwa lokacin, ko da yake bai amsa laifi ba. A wannan shekarar kuma Elgin Baylor, gwarzon ɗan wasa da ya yi shekara 22 yana babban manajan Clippers, ya kai ƙara yana cewa Sterling na tafiyar da kulob ɗin kamar gonar bayi. Daga baya an janye ɓangaren wariyar launin fata a ƙarar, kuma masu taya alƙali yanke hukunci sun ba Sterling gaskiya a 2011.

Duk wannan a jarida yake. Tun 2006 marubuci Bomani Jones ya yi rubutu a kafar labaran wasanni ta ESPN yana tambayar me ya sa wariyar Sterling ba ta zama labari ba. NBA ba ta ci shi tarar ko sisi a kan wannan ba, ba ta dakatar da shi ko na yini ɗaya ba. Da aka tambayi Silver dalili a taron 29 ga Afrilu, ya ce an sasanta ƙararrakin ba tare da an kama shi da laifi ba, wadda ta je gaban shari'a kuma shi ya yi nasara. Har reshen Los Angeles na NAACP, tsohuwar ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, ya ba shi lambar yabo a 2009 bayan gudummawar kuɗin da yake bayarwa, kuma yana shirin ba shi ta biyu a watan Mayun 2014. Shugaban reshen sai da ya yi murabus.

A auna abubuwan nan biyu. Hana iyali wurin kwana saboda launin fatarsu yana yanke musu unguwar da za su zauna, makarantar da 'ya'yansu za su shiga, nisan da za su yi zuwa wurin aiki. Cewa kada a kawo baƙar fata kallon wasa cin mutunci ne, amma bai raba kowa da matsuguni ba. Na farkon ya fi muni nesa ba kusa ba, amma na biyun ne ya jawo hukunci. Dalili a fili yake. 'Yan hayan nan ba su da kyamara, ba su da kwangilar talla, kuma in sun yi fushi babu wasan da zai tsaya. Faifan kuwa kowa ya ji shi da kunnensa, ya taɓa Magic Johnson, ya fusata mutanen da in suka zauna a benci kasuwar ta tsaya cak. Ma'aunin da aka yi aiki da shi shi ne yawan asarar da laifin zai jawo wa abokan ciniki, girman laifin kansa bai shiga lissafi ba.

Wata biyar bayan haka wani rikicin ya ɓulla a Atlanta, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. A wani taron wayar tarho da masu kulob ɗin Hawks, babban manaja Danny Ferry yana bayani a kan Luol Deng, ɗan wasan da aka haifa a Wau ta Sudan ta Kudu, sai ya ce yana da ɗan halin Afirka a jikinsa, ya kwatanta shi da mai shagon da gabansa tsaf amma yana sayar da jabu ta baya. Ferry ya ce rahoton masu farautar 'yan wasa yake karantawa, kuma binciken lauyoyi daga baya ya ce ba ƙiyayyar launin fata ce ta sa shi faɗa ba, amma bai koma kujerarsa ba. Deng ya amsa da cewa yana alfaharin ba ɗan kaɗan ba ne, Afirka ce cike a jikinsa. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya kuma yake jagorantar Toronto Raptors a lokacin, ya rubuta a jaridar Globe and Mail ta Kanada yana nuna yadda irin wannan magana ke sare gwiwar yaran Afirka masu burin shiga gasar, tare da cewa in kuskure ne na gaskiya a yafe. Binciken wannan magana ne ya tono wasiƙar imel da Bruce Levenson, babban mai hannun jari a kulob ɗin, ya rubuta a 2012, inda yake cewa yawan baƙar fata a zauren kallo ne ke tsorata Turawa masu sayen tikitin shekara. Bai jira hukunci ba, ya ce zai sayar, kuma a 2015 aka sayar da Hawks. Ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta.

Da yawa sun zaci an kafa doka ke nan: mai kulob ya yi wariya, ya tafi. Shari'ar Robert Sarver ta nuna ba haka ba ne. A Nuwamban 2021 ESPN ta wallafa dogon rahoto kan yadda mai Phoenix Suns ke mu'amala da ma'aikatansa. NBA ta ɗauki lauyoyi, suka zanta da mutum 320, suka duba takardu sama da 80,000. Suka tabbatar ya furta kalmar nan ta ƙasƙanci da ake jifan baƙar fata da ita aƙalla sau biyar yana maimaita maganar wasu, duk da an gargaɗe shi, ya kuma wulaƙanta mata ma'aikata, ya yi ta yi wa na ƙasa da shi tsawa da zagi. Amma suka ce ba su gano cewa ƙiyayya ce ta tunzura shi ba. A Satumban 2022 aka dakatar da shi shekara ɗaya, aka ci shi tarar dala miliyan 10. Shekaru goma sha takwas na cutar da ma'aikata, da shaidu da takardu, amma babu faifai, sai hukuncin ya zo da sauƙi fiye da na Sterling.

Da 'yan jarida suka matsa wa Silver cewa ai da ma'aikaci ne ya yi haka da tuni an kore shi, sai ya faɗi gaskiyar da ba a cika faɗa ba: mai kulob yana da wasu haƙƙoƙi da ma'aikaci ba ya da su, kuma shi ba shi da ikon ƙwace wa mutum kulob. Daga nan sai abin da ya faru a 2014 ya maimaita kansa. LeBron James ya ce gasar ta yi kuskure. Chris Paul, wanda ƙaddara ta kai shi Suns ɗin, ya ce hukuncin ya gaza. Kamfanin PayPal, mai tambari a rigar kulob, ya ce ba zai sabunta kwangila ba in Sarver ya dawo, sannan Jahm Najafi, ɗaya daga cikin manyan masu hannun jari, ya nemi ya sauka. Kwana takwas bayan hukunci Sarver ya ce zai sayar, yana kukan cewa zamanin ba ya yafiya. Ya jagoranci sayen Suns a 2004 a kan dala miliyan 401. Mat Ishbia ya karɓe ta tare da Phoenix Mercury, kulob ɗin mata, a kan darajar dala biliyan 4.

Sauran wasanni ma haka zanen yake. Marge Schott, mai Cincinnati Reds ta wasan besbol, an dakatar da ita a 1993 tare da tarar dala 25,000 kan zagin baƙar fata da Yahudawa, ta dawo, ta yabi farkon mulkin Hitler a 1996, aka sake janye ta, sai a 1999 ta sayar. A NFL, gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, Bob McNair mai Houston Texans ya ce a wani taron 2017 ba za a bar fursunoni su mulki kurkuku ba, lokacin da ake muhawara kan 'yan wasan da ke durƙusawa yayin taken ƙasa. Haƙuri kawai ya bayar. Colin Kaepernick, wanda ya fara durƙuson don nuna adawa da kisan da 'yan sanda ke yi wa baƙar fata, bai sake samun kulob ba bayan kakar 2016. A Ingila da muka fi kallo, an hana Luis Suarez buga wasa takwas a 2011 kan abin da ya faɗa wa Patrice Evra, wanda ga ɗan wasa babban yanki ne na kaka. Dave Whelan mai Wigan kuwa, da ya yi kalaman ɓatanci a kan Yahudawa da Sinawa a 2014, mako shida aka dakatar da shi da tarar fam 50,000, kulob ɗin kuma ya ci gaba da zama na iyalinsa har zuwa 2018.

Ba na cikin masu cewa a ƙwace dukiyar mutum a bar shi hannu rabbana saboda baƙar magana. Hannun jarinsa haƙƙinsa ne, kuma ƙofar tuba ba ta rufuwa ga kowa. Abin da nake ganin ya wajaba shi ne gasar ta daina jiran faifai. Idan gwamnati ta kai mai kulob kotu kan wariya a kasuwancinsa, ya biya miliyoyi don a rufe maganar, wannan kaɗai ya isa a buɗe bincike mai zaman kansa, a kuma ba 'yan wasa da ƙananan ma'aikata kujera a inda ake yanke hukunci, maimakon a bar attajirai su yi wa junansu alƙalanci. NBA ta rage amfani da kalmar da ke nufin mamallaki, ta koma kiran wakilin kowane kulob gwamna, saboda yadda tsohuwar kalmar ke sosa ran 'yan wasa. Sauyin suna ne mai kyau, amma tun da Jordan ya sayar da rinjayensa a Charlotte a 2023, teburin da ake zama a kai ya ƙara fari.

A cikin shari'ar 2003 ɗin nan akwai wata tsohuwa baƙar fata, ba ta gani sosai, ɓarin jikinta ya shanye, tana zaune a ɗaya daga cikin gidajen da Sterling ya saya a Koreatown. Ruwa ya malale ɗakinta lokacin da ake gyare-gyare, ta nemi a biya ta kayan da suka lalace. Wata tsohuwar ma'aikaciyarsa ta shaida bisa rantsuwa cewa da ta kai masa maganar, tambaya ya yi ko matar tana cikin baƙar fatan nan masu wari, sannan ya ce a kore ta daga gidan. Sterling ya musanta zarge-zargen ƙarar. Tsohuwar ta rasu a 2003, kafin a sasanta. Shi kuma ya ƙara shekara goma sha ɗaya a kujerarsa ta gefen fili.